Idon da Kyamara Ta Zaɓa

Malam Zuƙo bai sami sunan nan a banza ba. Duk masu ɗaukar hoto da ke layinsu sun san halinsa: in ka miƙa masa hoto, ba hoton yake kallo ba. Yatsu biyu zai ɗora a kan allo ya yi ta zuƙowa, kafaɗa ta ɓace, hula ta ɓace, har ido ɗaya ya cika wurin. Sai ya duƙa ya bi gashin idon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce maka, "Bai fita ba." Mutane da yawa sun daina nuna masa aikinsu, shi kuwa ya ɗauka gwanintarsa suke tsoro.

To, wannan bawan Allah ne ya wayi gari ya raina kyamarar da ta yi masa aure, ta ciyar da gidansa shekara da shekaru. Ya tattara ta da filasharta mai walƙiya da jakarta ya kai shagon kayan hoto, ya yi musanya da wata 'yar siririya ta wani kamfani daban. Gilashin bakin kyamara ɗaya kawai ya riƙe cikin tsofaffin kayan, wanda yake ɗaukar fuska da shi, aka ba shi wani zobe da zai haɗa shi da bakin sabuwar. Filasha kam bai sayi wata ba. Mai shagon ya ce masa wannan kyamarar ko a duhu gani take yi, kuma da kanta take neman idon mutum ta kama. Malam Zuƙo ya ɗauki maganar ya ƙara mata gishiri, ya yi ta yawo da ita shago-shago.

"Ku dai ci gaba da fama da tsofaffin ƙarafanku," yake ce wa abokan sana'a. "Tawa ido gare ta, kuma ta fi wasunku hankali."

Ana cikin haka 'yarsa ta zo masa da buƙata. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara, kuma a ɗakin Inna ta yi wayo. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta sami gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai nisa, inda za ta yi shekaru ba ta leƙo gida ba. Tun bara ya kamata ta tafi, sai Inna ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa ta gurɗe ƙafa, yarinyar ta zazzage akwatinta ta ce ba inda za ta. Da ƙyar makarantar ta yarda ta jira ta zuwa bana, tare da gargaɗin cewa in ta sake fasawa, shi ke nan.

"Baba, abu ɗaya nake so in tafi da shi," in ji ta. "Hoton Inna. Mai kyau, wanda zan rataye a ɗakina. Ka ɗauki rabin mutanen garin nan, amma ba ka da hoton mahaifiyarka sai na katin shaida."

Maganar ta sosa masa rai, don gaskiya ce. Inna ba ta son hoto, kuma ba ta ɓoye ba. Cewa take yi ita ba ta ga abin da aka rasa a fuskarta da har za a ajiye ta a takarda ba. Amma abin da ɗa ya kasa, jika ta iya. Takwara ta yi mata naci, ta yi shagwaɓa, ta yi fushin ƙarya, har tsohuwar ta gaji.

"Sau ɗaya," in ji Inna. "Ka zo da abin naka ka yi ka gama. In ka ɓata, kai ka sani."

Shi ya ɓata? Malam Zuƙo har dariya ya yi.

Ranar da aka sa, ya shiga falon Inna da rigarsa mai aljihu barkatai, yana taku kamar likita zai shiga tiyata. Ɗakin na nan yadda ya san shi: kujerarta mai hannun katako, tabarmar salla a naɗe a gefe, rediyo a kan ɗan tebur, ƙwan lantarki ɗaya mai jan haske, da koren labule mai kauri a sake a taga. Ya miƙa hannu zai yaye labulen.

"Bar min labulena," in ji Inna.

"Haske nake nema, Inna."

"Ba kai ka ce abin naka a duhu ma gani yake yi ba? Ko cika baki ne?"

Takwara ta ƙyalƙyale da dariya. Ya janye hannunsa, ya ce ai dama gwada su yake yi. Ya jawo kujerar Inna daga jikin bango zuwa tsakiyar ɗaki, ya buɗe gilashinsa har ƙarshe don duk abin da ke bayanta ya narke, ita kaɗai ta fito. Ya kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, ya daidaita, daga nan bai sake sa ido a ciki ba. Me zai duba, tunda ita ke neman ido da kanta? Ya tsaya a gefe yana dannawa yana lallashi: "Inna, ɗan ɗago. Inna, kalle ni." Ita kuwa ta ja mayafi har goshi, idonta a kan carbinta, in ta ɗago kaɗan sai ta sake sunkuyarwa. Da ya gama ya leƙa ɗan ƙaramin allon bayan kyamarar, ya ga komai ras. Mutumin da ke zuƙo hoton kowa, ran nan bai zuƙo nasa ba.

Sai da ya koma shago ya zuba hotunan a kwamfuta. Kamar kullum, kafin hoton ya gama buɗewa ya riga ya kai kan idon Inna. Babu gashin ido, babu ma idon sosai, sai wani abu dishi-dishi kamar an kalli mutum ta gilashin da tururi ya rufe. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Ya bi su har na ƙarshe yana salati. Launin kuwa ya fi komai muni. Kuncin Inna na dama kore, na hagu ruwan lemo, farin mayafinta ya koma kalar ruwan da aka wanke ganye a ciki. Uwar da ta haife shi, ya mayar da ita kamar marar lafiya.

Wayarsa ta yi ƙara. Takwara ce.

"Baba, sun yi kyau?"

"Ai sai kin gani," ya ce. "Ina ɗan gyara ne."

Daga ranar ya tashi haiƙan neman mai laifi, kuma cikin waɗanda yake zargi babu sunansa. Zoben nan ya fara kamawa. Ya kwance shi, ya hura, ya goge, ya girgiza ko zai ji motsi. Ya manna jarida a bangon shago ya ɗauka, rubutu ya fito tar har da ɗigon tawada. Ya jera gwangwanayen madara a kan tebur, ɗaya a bayan ɗaya, ya auna na tsakiya, na tsakiyar ya fito. Ya ce to hannunsa ne ya yi rawa, sai ya tuna a kan sanda ya ɗauka. Ya shiga cikin saitin kyamarar ya ɓata kamar baƙo a babbar kasuwa, ya taɓa nan ya taɓa can, har ta daina yin ƙara in an danna, ya yi rabin yini kafin ya gano yadda zai dawo da ita.

Launi ma bai bar shi ya huta ba. In ya rage kore a kwamfuta, kuncin dama ya gyaru, na hagu ya koma ja kamar an mare ta. In ya gyara na hagu, na dama ya ƙara yin shar. Ya zargi allon kwamfutar, ya ɗauki hoto ɗaya ya kai wurin masu wankin hoto a can wata unguwa inda ba a san shi ba. Takardar ta fito da Inna koriya kamar yadda ta shiga. Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu.

Ya koma shagon da ya yi musanya, ransa a ɓace, ya ce an sayar masa da makauniyar kyamara. Mai shagon bai yi musu ba. Ya karɓa, ya ɗaga, ya ɗauki Malam Zuƙo yana tsakiyar masifa, ya juyo masa da allon. Ga shi nan baki buɗe, jijiyar wuya a tashe, har ɗan abin da ya maƙale masa a haƙori ana gani.

"A kawo wanda ya ɓacin mu duba mana," in ji mai shagon.

"Na abokin ciniki ne, amana ce," ya ce, ya karɓi kayarsa ya fita. Ya gwammace ya mutu da ciwonsa da a ji a layi cewa Zuƙo ya kasa ɗaukar uwarsa.

Tafiyar Takwara kuwa sai matsowa take yi. An sayo akwati, an ɗinko kayan sanyi, kullum kuma sai ta tambaye shi hoto. Ya ce firam ake haɗawa. Ya ce mai firam ɗin ya yi tafiya. Abinci ya daina shiga masa.

Wata ranar da hantsi yana zaune a falonsa da kwamfuta a cinya, ya buɗe hoton ya rasa ƙarfin zuƙowa, ya zuba masa ido kawai. Matarsa ta zo wucewa da kwandon wanki, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai dai ka fito da kyau, Baban Takwara."

"Ni kuma? Ina nake a nan?"

"Ga ka can. Har ƙyallin agogonka."

Ta nuna saman hoton da haɓa, ta wuce abinta. Ya bi wurin da kallo. A bangon da ke bayan Inna, can sama da kafaɗarta, akwai wani babban hoto cikin firam mai ruwan zinariya. Hotonsa ne. Shi ya ɗauki kansa shekarun baya, hannu a haɓa, tsohuwar kyamara a wuya, idanu a ware kamar wanda aka ce ya ga kura. Shi ya kai wa Inna kyauta, ita kuma ta sa aka rataye shi a wurin don ya rufe inda fenti ya ɓare. Ya sa yatsu ya zuƙo. Gashin ido ɗaya bayan ɗaya, tangaran, ba abin da ya rage. Tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin hoto mai kaifin wannan ba.

Ya buɗe sauran, duk haka suke. An ce wa kyamara ta nemi ido, ta duba ɗakin, ta ga tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ga wani ya ware nasa a bango yana roƙon a kalle shi, ta yi abin da aka sa ta. Da ya ja da baya ya kalli hoton gaba ɗaya, sai maganar launi ma ta warware kanta. Taga na dama, hasken rana na ratsa koren labule yana sauka a kunci ɗaya, jan ƙwai na dukan ɗayan. Da can filasha ce ke share masa irin wannan rikici ba tare da ya sani ba, ita kuwa ya ba da ita da hannunsa yana murna.

Dariya ta kama shi, irin wadda ba daɗi ke kawo ta ba. Uwarsa ta zauna masa sau ɗaya a duniya, ya je ya ɗauko kansa.

"Lafiya?" matarsa ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Lafiya lau. Na kama ɓarawon ne, ashe a gidan nan yake kwana."

Washegari ya bari sai da Takwara ta fita sallama da abokan aikinta, sannan ya nufi gidan Inna. Rigar nan mai aljihu ma bai sa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Inna ta yi dariya har carbi ya faɗi daga hannunta.

"Wato kai da kanka ka shiga gabana? To ai ba yau ka fara ba. Tun kana yaro in an yi baƙi kai ne a gaba."

"Inna, ki yi min rai. Ba don ni ba, don Takwara."

Ta shiga laluben carbin a ƙasa da hannu. Ya ɗauko ya miƙa mata.

"Yi maza," ta ce.

Ya hau kujera ya sauke hotonsa, ya jingine shi fuska na kallon bango. Ya kashe ƙwan lantarki. Ya yaye labulen, wannan karon bai tambaya ba, farin haske ya cika ɗakin. Inna ta kare fuska da tafin hannu, ta ja tsaki. Ya kashe neman idon nan na kyamara, ya ce yau da hannunsa zai yi, yadda aka koya masa tun farko. Ya sa ido a ciki, ya danna maɓallin da ke ƙara girman abin da ake gani, ya fara murza gilashin a hankali.

"Inna, sauke hannun. Kalle ni, sau ɗaya tak."

Ta sauke, ta ɗago. Fuskar ta taho daga dishi-dishi, layukan goshi suka fito, kwalli ya fito, gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya. Yatsansa ya danna da kansa. Amma bai ɗago ba, don ya ga abin da ke tsakiyar idon. Inda ya kamata ya zama baƙi wuluk, wani fari-fari ne ya kwanta kamar an ɗiga madara. Ya matsa zuwa ɗaya idon. Shi ma haka, har ya fi.

Ya zagayo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Kunya ta kama shi, da tsoro, da tausayi.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Yanar ido ce gare ki. Duka biyun."

Ta gyara mayafi, ta juya wa tagar baya. "Ya kwana biyu. Haske ne ba na so, shi ke sa min hawaye. Ɗakina kuwa na san inda komai yake."

"Faɗuwar nan ta bara..."

"Dokin ƙofar ne ban gani ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kai ne mai ido a gidan nan. Na zaci za ka gani."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, shi ya sa ya fi zafi. Duk mako yana zuwa gaishe ta, ya zauna a nan yana ba ta labarin gilashi da kamfani, bai taɓa kallon fuskarta da kyau ba sai yau da ƙarfe ya shiga tsakaninsu. Ya ce mata ana aikin irin wannan, mutane na warkewa, gobe-goben nan zai kai ta asibiti.

"Ba gobe ba. Sai yarinyar nan ta tafi." Ta kamo hannunsa ta riƙe gam. "Ka san halinta. Ni na san wahalar da nake sha in ta zo, ina sunkuye-sunkuye ina korarta da tsiya kada ta matso. In ta ji an ce asibiti, wallahi sai ta sake zazzage akwatin nan, kuma ba za su ƙara jiranta ba. Abin da ka gani ɗin, ya fito a hoton?"

"Ya fito."

"Ita ma za ta gani?"

"Aikinta ne, Inna. Kallo ɗaya za ta yi."

"To ka san yadda za ka yi da shi. In jirginta ya tashi, ka kai ni duk inda za ka kai ni, ba zan yi gardama ba."

Ya koma shago ya buɗe hoton. Launi ya zauna daram, fatar Inna ta fito yadda Allah ya yi ta, mayafi fari tas. Ga kaifi kamar ka taɓa. Da a ce na wani ne, da ya wanke shi babba ya kafa a ƙofar shago, duk layi su zo su koyi aiki. Ya daɗe yana kallo. Ya gwada cike tsakiyar idon da baƙi, sai Inna ta koma wata mata da bai sani ba, ya fasa. Daga nan ya ɗauki abin gyara ya shiga rage kaifin da hannunsa, kaɗan-kaɗan, daga idanu zuwa sauran fuskar don kada a ga bambanci, har farin nan ya narke ya zama kamar ƙyallin taga. Gashin idon da ya yi kwanaki yana nema ya bi shi ya tafi.

Ranar tafiya, suna tsaye a ƙofar gida direba na ɗaure kaya, ya miƙa wa Takwara hoton a cikin firam. Ta yage takardar da aka naɗe shi da ita, idonta ya ciko. Ta rungume hoton a ƙirji, ta sake ɗagowa, ta kawo shi daf da hancinta ta ƙura wa idon ido. 'Yar gidan Zuƙo ce, ba a banza ba. Malam Zuƙo ya zuba mata ido.

"Baba," ta ce, tana share hawaye tana murmushi, "ita ce sak. Amma fa bai fita ba. Duk kurin nan da ka cika mu da shi?"

Matarsa ta fashe da dariya, direba ma ya taya ta. Ga amsa a bakinsa, ga ainihin hoton a wayar da ke aljihunsa, wanda da ya nuna da kowa ya yi shiru.

"Tsufa ne, 'yar nan," ya ce. "Hannun babanki ya fara rawa."

"Allah sarki. To ka riƙa hutawa. Kuma ka kula min da Inna."

"Zan kula," ya ce. Ya karɓi hoton ya naɗe mata shi cikin rigar sanyi don kada gilashin ya fashe a hanya, ya sa a jakar hannunta, ya ja zif ɗin da kansa.